Gaishe Ka, Sojan Gona

Ranka ya daɗe, Sojan Gona. An daɗe ana rabon lambobin girma a ƙasar nan, ana rataya wa attajirai da 'yan ƙwallo da tsofaffin gwamnoni, amma har yau ba a kira sunanka a bainar jama'a an ce ka taso ka karɓi taka ba. An zalunce ka, don kuwa babu ma'aikatar da ba ka yi wa aiki ba. Ka yi likita, ka yi lauya, ka yi malamin makaranta, ka yi soja da kaki da igiya a kafaɗa, ka yi malamin tsibbu, ka yi ɗan majalisa. Wasu sai sun shekara shida a jami'a, sun ƙara da shekarar koyon aiki a asibiti, kafin a ce musu dakta. Kai kuwa da hantsi ka sayi farar riga a kasuwa, kafin la'asar kana rubuta wa mutane allura. Wa ya kai ka kaifin ƙwaƙwalwa?

Mun san zuriyarku. Kakanku Gizo ne, mijin Ƙoƙi, wanda aka yi ta ba mu labarinsa da daddare muna yara. Sai dai Gizo ƙaramin ɗan wasa ne in aka gwada shi da kai. Duk makircinsa a kan abin da zai sa a ciki ne, kuma sau da yawa asirinsa kan tonu ya sha da ƙyar. Kai ka ɗaukaka sana'ar, ka yi mata ofis da hatimi da sakatare. Magabata sun ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, to da sun ga zamaninka da sun janye maganar. A hannunka ta yi 'ya'ya, ta yi jikoki, ta gina benaye a Maitama, ta je Umara ta dawo ana yi mata barka da sauka.

A watan Yuni na 1999 ka kafa tarihi. Mulkin soja ya kau, ana murnar dawowar farar hula, aka zaɓi Salisu Buhari daga Kano ya zama Kakakin Majalisar Wakilai, wato mutum na huɗu a jerin manyan ƙasa. Takardunsa sun ce an haife shi a 1963, sun ce kuma yana da digiri daga Jami'ar Toronto ta Kanada. Sai mujallar TheNews ta shiga abin da ba ruwanta, ta gano cewa 1970 aka haife shi, bai ma kai shekara talatin ɗin da tsarin mulki ya gindaya wa ɗan majalisar a lokacin ba, jami'ar kuma ta ce ba ta san da zamansa ba. Bai cika wata biyu a kujerar ba ya sauka, ya amsa laifinsa, ya nemi gafarar 'yan ƙasa cikin hawaye. Wannan amsa laifi kam ba koyarwarka ba ce, kuma na san ta ɓata maka rai, don almajiranka na bayansa ba su sake yin wannan ganganci ba. Abin da ya biyo baya ne ya sanyaya maka zuciya. Kotu ta ba shi zaɓin biyan tara, ya biya. Shugaba Obasanjo ya yi masa afuwa. A 2013 kuma gwamnati ta rasa wanda za ta sa a majalisar gudanarwar Jami'ar Najeriya da ke Nsukka sai mutumin da aka kama da takardar jami'a ta bogi. Kowane ɗalibi a ƙasar nan ya karanta wannan darasi, ya kuma haddace shi fiye da duk wanda aka koya masa a aji.

Ba ka tsaya nan ba, domin kai mutum ne mai kishin talaka. Ka ga Toronto ta yi nisa, sai ka matso da ita kusa. A ƙarshen Disambar 2023 jaridar Daily Nigerian ta buga binciken wakilinta Umar Audu, wanda ya nemi digiri daga wata jami'a a Kwatano ta Jamhuriyar Benin. Cikin mako shida aka miƙo masa digirin aikin jarida na shekara huɗu, da takardar sakamakon darussan da bai taɓa zama ya saurara ba. Bai ko ƙetare iyaka ba. Da wannan takarda ya shiga bautar ƙasa, alhali ya riga ya yi ta tun tuni da digirinsa na gaskiya. Dubi irin wannan rangwame! Yaran talakawa sun zauna a gida wata takwas a 2022 saboda yajin aikin malaman jami'a, suna ta ƙirga shekarun da ke wuce su, ga ka nan kana yaye ɗalibi kafin gero ya nuna. Gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a farkon Janairun 2024, daga baya ministan ilimi na lokacin, Tahir Mamman, ya ce 'yan Najeriya fiye da dubu 22 ne ke yawo da irin waɗannan takardu daga ƙasashen biyu. Jami'a nawa ce za ta yi alfahari da tsofaffin ɗalibai masu yawa haka, ba tare da ta sayi alli ko ɗaya ba?

Ka kuma samar da ayyukan yi, har ga waɗanda ba a haifa ba da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. A farkon 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta ce ta cire sunayen ma'aikatan bogi 23,846 daga jerin masu karɓar albashi, waɗanda ke lashe sama da naira biliyan biyu kowane wata. Ma'aikata ne na gari: ba su taɓa makara ba, ba su taɓa yajin aiki ba, ba su taɓa neman hutun haihuwa ba. Ministar da ta kore su, Kemi Adeosun, ita ma ba ta tsira daga alherinka ba. A 2018 jaridar Premium Times ta bankaɗo cewa takardarta ta yafe bautar ƙasa jabu ce. Ta ajiye aiki a watan Satumba, tana cewa mutanen da ta amince da su ne suka samo mata, ba ta san ta bogi ba ce. In haka ne, to jinjinar taka ce kai kaɗai. Ka sayar wa mai farautar bogi bogi, ta riƙe shi shekara da shekaru ba ta gane ba.

Amma gwanintar da ta fi ba ni tsoro ita ce ta asibiti. A 2015 aka gano wani mutum da ya yi kimanin shekara tara yana aikin likita a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da takardun abokinsa. Yana karɓar albashi, ana yi masa ƙarin girma, yana zama taro da likitocin ƙwarai. In a hedikwatar lafiya ta ƙasa za ka yi shekara tara ba a tambaye ka ba, wa zai tambaye ka a ƙauyen da motar haya ke shiga ranar kasuwa kawai? Can kai ne komai. Kai ne mai ƙarin ruwa, kai ne mai cire haƙori, kai ne mai karɓar haihuwar da ta gardama. In mai jinya ya tashi, a ce Dakta akwai sa'ar hannu. In ya cika, a ce kwana ya ƙare, ka bi sahun masu jana'iza, ka zauna a tabarmar makoki, 'yan'uwan mamaci suna yi maka godiyar ƙoƙarin da ka yi.

A wannan tabarma ce sirrin nasararka yake, kuma ya kamata a yaba maka yadda ka karanci Bahaushe fiye da yadda ya karanci kansa. Ka lura cewa mu ma muna ɓoye abin da ke ranmu, har muna ɗaukar hakan tarbiyya. Baƙo ya shigo da yunwa, a kawo tuwo, ya ce Alhamdu lillahi a ƙoshe yake, saboda ya ga kwanon ba zai ishi yaran gidan ba. Majinyaci yana juyi a kan gado, a ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Uwa ta ƙi kiran sunan ɗanta na fari, ta kau da kai in ya shigo, alhali da motsinsa take kwana. Magidanci ya fito da wankakkiyar riga ya gaisa da maƙwabta da fara'a, ba wanda zai ji daga bakinsa cewa yau ba a ɗora tukunya a gidansa ba. Wannan ita ce kara da kunya da kawaici. Mai yin su shi ke haɗiye ɗacin don ya hutar da wani, kuma ba wanda aka ruɗa, don duk wanda ya ji "da sauƙi" ya san abin da ke ƙarƙashinta, sai ya ƙara addu'a, ya tura ɗan abin da ya samu ƙarƙashin matashi.

Kai kuwa da ka duba sai ka hango ƙofa a buɗe. Mutanen da ke jin nauyin ƙure babba, wa zai iya duban mai babbar riga da carbi a cikinsu ya ce nuna mini takardarka? Yaron da ya kuskura ya tambaya, fitsararre ne. Ma'aikacin da ya kai ƙara, ɗan baƙin ciki ne, hassada ke cin sa. Ɗan jaridar da ya bincika, an biya shi ne don ya ɓata ɗan yankinmu. In kuma abin ya fito fili har ba ya musantuwa, sai dattawa su taru a zaure su ce a rufa masa asiri, yana da iyali. Ka ɗauki rufin asiri, addu'ar da kowane Bahaushe ke yi safe da yamma, ka mayar da ita garkuwarka. Matar da ta mutu a hannunka wajen haihuwa ita ma tana da iyali, amma ba a yi zaman zaure a kanta ba.

Har addini ka nemi ka jawo ya tsaya maka. Kana son wa'azin da ke cewa a suturta aibin Musulmi, kana gyaɗa kai a sahun gaba in ana yin sa. Ba ka son a ƙarasa bayanin, inda malamai irin su Imamu Nawawi suka bayyana cewa gargaɗin jama'a game da macuci ba ya cikin giba. Ba ka son a tuna cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa, ya taɓo jiƙaƙƙen da aka ɓoye a ƙasa, ya kuma yi masa magana nan take a cikin kasuwa, ya barrantar da kansa daga mai algus. Alamomin munafuki uku da kowane ɗan Islamiyya ya haddace, ƙarya a zance da saɓa alkawari da cin amana, kai ka haɗa su ka yi jari da su. Mai buga gindin mudu da mai jera manyan tumatir a saman kwando ƙananan yaranka ne, suna koyo.

Sai aikin da ka yi wa harshe, wanda ya isa a ba ka kujerar farfesa, ta gaske ko irin taka. Da can in mutum ya ce "in sha Allahu gobe", ya ɗaure kansa ne da igiya biyu, niyyarsa da sunan Ubangijinsa. Yanzu wanda ya kai takardar neman aiki ofis, aka ce masa in sha Allahu za a duba, ya san an sallame shi ke nan, sai ya kama hanyar gida. "Ina hanya" tana fitowa daga bakin wanda bai shiga wanka ba. "Muna tare" ita ce sallamar ɗan siyasa ga wanda ba zai sake ɗaga wayarsa ba sai wani zaɓen. "An kafa kwamiti" na nufin an haƙa wa magana kabari. "An shawo kan lamarin" kuwa, mutanen ƙauyukan Zamfara da Katsina sun sha jin ta a rediyo suna kwance a jeji, sun bar gidajensu saboda 'yan bindiga. Ka yi wa magana abin da aka yi wa naira: a da, da ɗaya ake sayen abu, yau sai an cika leda. Wallahi guda ba ta sayen yardar kowa a kasuwa, sai an ce wallahi tallahi, an haɗa da Alƙur'ani, an ambaci kabarin mahaifi, mai saye kuma ya tafi yana shakka. Wanda ya fi cutuwa shi ne mai gaskiya, domin ba shi da wasu kalmomi na dabam. Da waɗannan da ka tsotse ɗin zai yi magana, a kuma yi masa kallon da ake yi maka.

A fagen neman aure ma ka yi zarra. Motar aro, shaddar aro, agogon aro, da labarin wata kwangila da za a biya kuɗinta a Abuja ƙarshen wata. Iyayen yarinya su tura a yi bincike kamar yadda aka saba, masu binciken su isa unguwarku, su tarar da mutanen da ka san ba za su iya buɗe baki ba. Sun san matan da ka saka, sun san bashin da ke kanka, sun san abin da kake sha, amma sai su sunkuyar da kai su ce ba mu san shi da komai ba sai alheri. Suna ganin sun yi kara. Bayan wata shida yarinya ta dawo gida da ciki da takardar saki, waɗannan maƙwabta kuma su ce dama mun san za a rina. Ba maza kaɗai ka yaye ba, don a ɗaya ɓangaren ma akwai ɗalibanka masu cika akwatin lefe da kayan aro don idon 'yan kallo, da masu ɓoye ciwon da ya kamata a faɗa tun kafin a shafa fatiha. Gida nawa aka gina a kan abin da kowa ya sani, ban da mutum ɗayan da zai kwana a cikinsa?

Akwai ayyukanka da ba a cika ambata ba, ni kuwa ba zan bari a manta da su ba. A 1995 annobar sanƙarau ta auka wa Nijar. Aka kai gudummawar allurar rigakafi daga Najeriya, a cikin kwalabe masu ɗauke da sunayen manyan kamfanonin Turai. Iyaye mata suka yi layi a rana da 'ya'yansu a goye, aka yi wa mutum fiye da dubu 50, suka koma gida hankali kwance cewa sun tsira. Babu maganin komai a cikin kwalaben. Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta mutuwar mutum 2,500 da wannan aiki naka. Ko yaƙi aka yi aka kashe wannan adadi, da an san sunan wanda ya ja rundunar. Kai ko sunanka ba a sani ba, ka ci ribarka, wataƙila ma ka yi sadaka da wani abu daga ciki.

Shekara guda bayan haka sanƙarau ya shigo Kano, kamfanin Pfizer ya zo ya yi gwajin maganinsa Trovan, gwajin da ya shafi yara kusan 200. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta aikata laifi, ya ce cutar ce ta yi kisan, daga baya a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Amma tambarin hannunka ya fito a wuri guda: takardar amincewar da aka nuna cewa an samu kafin gwajin, an gano daga baya aka rubuta ta, aka mayar da kwanan wata baya. Takarda ɗaya tak. Da aka zo 2003 ana roƙon mutane su kawo 'ya'yansu a ɗiga musu rigakafin shan-inna, maganin gaskiya, kyauta, sai suka tuna. Kano ta dakatar da rigakafin har tsakiyar 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yaran da ba a haifa ba lokacin gwajin Trovan suka shanye. Wasunsu na nan a kan kekunan guragu a bakin danja. Ma'aikaciyar lafiyar da ke bi gida-gida da akwatin sanyi a kafaɗa, ana rufe mata ƙofa ana zagin ta, bashinka take biya. Sai a 2020 aka ayyana Najeriya ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji, bayan sarakuna da malamai sun yi shekaru suna lallashin mutane su sake yarda da abin da ka sa suka daina yarda da shi.

Dora Akunyili, wadda ta riƙe hukumar NAFDAC daga 2001 zuwa 2008, ta san ka sosai, domin 'yar'uwarta mai ciwon sukari ta rasu bayan an yi mata allurar insulin ta jabu. Ta ƙona maka kaya na biliyoyin naira, ta rufe maka shaguna. A Disambar 2003 aka buɗe wa motarta wuta, harsashi ya huda ɗankwalinta. Ashe duk fara'ar nan da sannu-sannu da "Allah ya bar zumunci", in aka taɓa hanyar cin abincinka ka san inda ake samo bindiga.

Babbar shaidar basirarka kuwa ita ce ba ka taɓa yarda da irinka ba. In ƙirjinka ya yi nauyi, jirgin Alƙahira ko na Indiya kake bi, ka kuma tambayi inda likitan ya yi karatu da shekarun da ya yi yana aiki. 'Ya'yanka suna makarantar da ake tantance takardun malamai ɗaya bayan ɗaya. In za ka aurar da 'yarka, mutum uku kake turawa bincike, kowanne ba da sanin ɗan'uwansa ba, kuma ba ka karɓar "sai alheri" a matsayin amsa. Direbanka ma sai da ka sa aka gwada shi a kan titi kafin ka ba shi makulli.

To ga wata shawara, ranka ya daɗe, tunda kai mai son ci gaban na baya ne. Akwai yaronka da ka buɗe wa kemis a bayan tasha, wanda bai gama sakandare ba amma unguwa duk Dakta take ce masa. Kullum yana cewa kai ne ubangidansa, a wurinka ya koyi komai. Ranar da zazzaɓi ya kama autanka cikin dare, jikinsa ya yi zafi har ya fara sanƙarewa, kada ka tashi direba, kada ka kira asibitin kuɗi. Ka saɓa shi a kafaɗa ka kai masa. Ka ce ɗanka ne na cikinka, ya zaɓo allurar daga kwalin da ka kawo masa da hannunka makon jiya.